Kunzugun Rudaina da Ruwan Talata

Rudaina ba ta iya zama wuri ɗaya ba tun tana yarinya. Shekara tara ta yi a wani kamfanin ɗinki da ke bayan garin Zarƙa, kusa da birnin Amman, tana sa roba a ƙugun wandunan da ake fita da su ƙasashen waje. Da cikinta ya tsufa ta ajiye aiki, amma ƙafarta ba ta ajiye ba. Ko shayi take sha, sai ka ga gwiwarta tana kaɗawa kamar har yanzu keke take takawa.

Mijinta Mufid direban motar kwashe shara ne, mutum mai sanyin hali da ƙarancin magana. A hawa na uku suke zaune, a gidan mahaifiyarsa Hajiya Wasfiyya, wadda ke hawan ƙasa saboda ciwon gwiwa. Ciwon bai taɓa hana ta hawowa ba idan tana da abin faɗa.

A farkon zafi aka haifi 'yarsu Lujain. Ba ta cika wata biyu ba ɗuwawunta ya yi jawur, ƙuraje suka feso har matsematsinta. Kunzugun yarwa suke sa mata, irin mai arahar nan da ake sayarwa a kasuwar Juma'a cikin leda marar suna. Mai kyau na kantin magani ya fi ƙarfin albashin Mufid. Likitar yara ta duba, ta ba da man shafawa, ta ce a bar fatar ta riƙa shan iska.

Rudaina ta dawo gida ta kasa zama. Ta ɗauki yarinya ta ajiye, ta leƙa taga, ta buɗe kunzugun ta sake dubawa ko jan ya ragu cikin minti goma.

"Ni 'ya'ya bakwai na rena da tsumma," in ji Hajiya, tana haki daga hawan bene. "Babu wanda ɗuwawunsa ya yi ja."

"Umma, a zamaninku ai ruwa bai yi wuya haka ba," in ji Rudaina.

"A zamaninmu hannu ne ba ya ƙyuya, 'yar nan."

Mufid yana gefe yana cire takalmin aiki. Ba a tambaye shi ba, amma ya ce, "Ni dai duk sanda na juye mota a juji, kunzugun yara nake fara gani. Wanda na zubar bara yana nan, ko launi bai sake ba. Yanzu idan na ɗauki ledar gidan nan sai in ji kamar kaina nake ƙara wa aiki."

Washegari Rudaina ta yayyanka tsofaffin tawul, ta koma nafkin. Ƙurajen suka fara bushewa. Sai dai unguwarsu ranar Talata kaɗai ake sako mata ruwan famfo, kowa ya cika tankinsa na saman bene, ya lallaɓa shi har wata Talatar. Wanki sau biyu a yini ya shanye tankin kafin Asabar ta ƙare. Ranar Lahadi Mufid ya yi alwala da ruwan gora, ya tafi aiki ba wanka, ya dawo da warin juji ya tarar babu ko ɗigo.

"Ummu Lujain, a gidan nan yarinya ce kaɗai ke da jiki?"

"To kai ka zaɓa, Abu Lujain. Jujinka ko wankanka."

Ya ɗauki tawul ya tafi gidan ƙanensa.

Sati biyu tana kai da kawo tsakanin abu biyun. In ta koma na yarwa, ƙuraje su dawo. In ta koma nafkin, tanki ya ƙafe. Ta rame, ta zama mai saurin fushi, kullum tana saman bene tana ƙwanƙwasa tanki da ludayi don ta ji inda ruwa ya tsaya.

Wata rana da hantsi, tana shayar da Lujain tana latsa waya, ta ga wani irin kunzugu mai gida biyu. Na waje ɗan wando ne da ba ya yoyo, ba a wanke shi sai ya ɓaci. Na ciki ƙyalle ne da ake zarewa a sa wani, ko na wankewa, ko wani siriri na yarwa da babu leda a jikinsa. Ta ga kuɗinsa, ta kife wayar. Can ta sake ɗauka, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta ƙura wa ɗinkin ido. Ba ta ga abin da ya fi ƙarfinta ba.

Ta bar yarinya wajen Hajiya, ta hau bas zuwa Amman, layin masu yadi. Shago shida ta shiga tana murza yadi tana hura masa iska da baki don ta ji ko tana ratsawa. Wani dattijo mai shago ya tsaya yana kallonta.

"'Yar'uwa, laima za ki ɗinka ko tanti?"

"Wandon jaririya, Baba."

"To Allah ya sa jaririyar ta san irin wahalar da ake sha a kanta."

Na farkon da ta ɗinka ya yi tauri, Lujain ta yi gumi ta yini kuka. Ta warware. Na biyu ya yi laushi, ya yi kyau a ido, har ta sauko da yarinyar ta ɗora ta a cinyar Hajiya, wadda ta yi shirin zuwa gidan biki cikin baƙar rigarta mai aikin jan zare a ƙirji. Ba a yi minti biyar ba Hajiya ta ɗaga yarinya sama, ta dubi cinyarta da ta jiƙe.

"Wannan ne abin da kika je Amman dominsa?"

Rudaina ta karɓi 'yarta, ta haye sama. Ba ta yi kuka ba. Ta shimfiɗa wandon a kan tebur ta zuba masa ruwa da cokali, tana kallon inda yake bi. Ta cinya yake fita. Roba kuwa ita ce sana'arta ta shekara tara. Ta ƙara wani ɗan shinge a ciki, roba biyu a kowace cinya, ta ja su daidai yadda za su kama ba tare da sun yi wa fata shaida ba. Na ukun ya riƙe.

Daga nan ta raba satinta gida biyu. Talata zuwa Juma'a, tanki na da nauyi, ƙyallen tawul take sawa a ciki, ta wanke, ta zuba ruwan ɗaurayar a banɗaki. Asabar zuwa Litinin sai ta koma siririn na yarwa, wanda ta samo wajen wani mai sarin kayan asibiti. Ƙurajen suka tafi. Mufid ya koma wanka a gidansa, ledar sharar da yake sauka da ita da safe ta zama 'yar ƙarama.

Shanyar da take yi a saman bene ce ta tona ta. Maƙwabciyarsu Ummu Yazan, mai tagwaye, ta hango 'yan wanduna masu launi a kan igiya, ta ƙetaro ta tambaya. Ta karɓi huɗu. Bayanta wasu suka zo, wasu kuma suka taɓe baki suka ce an koma zamanin kakanni. Kafin Lujain ta fara tafiya, falon Rudaina ya cika da yankakken yadi, kekenta na ƙara tun bayan sallar asuba. Kamfani ya aiko ko za ta dawo. Ta ce za ta yi tunani, kuma har yau tunanin take yi: wata rana ta ce za ta koma, washegari ta tafi taya tsohon keken haɗa bakin yadi.

Wata Laraba da la'asar Hajiya ta hawo. Ta daɗe a tsaye tana jujjuya ɗan wando ɗaya, tana jan robarsa. Sannan ta leƙa ta tabbata ɗanta ba ya nan.

"'Yar nan, irin wannan ana yin na manya? Yayata ce a Irbid. Kin san tsufa. Ta daina zuwa masallaci, tsoro take ji."

"Ana yi, Umma. Sai dai ina bukatar awonta."

"Jikinmu ɗaya. Auna ni kawai."

Rudaina ta san yayar, siririya ce kamar sanda, Hajiya kuwa mai jiki ce. Ta kuma tuna cewa Juma'a uku ke nan Hajiya ba ta fita masallaci ba, tana cewa gwiwa. Ta gane na wa ne. Ta ɗauko tef, ta durƙusa, ta zagaya shi a ƙugun surukarta, idonta a kan lambobi kaɗai.

"Wane launi take so?"

Hajiya ta ajiye ɗan wandon. "Mai duhu. Kuma kada ki shanya shi a sama."

"A ɗaki zan shanya."

Kafin Hajiya ta kai hawa na biyu, Rudaina ta riga ta baza yadi a ƙasa tana neman almakashi.