Yaƙin da ƙanena ya yi daga rumfar gyaran waya

Shekarar da aka rufe iyakar Kongolam, ake ta raɗe-raɗin za a tura sojoji Nijar, matar ƙanena tana can tsallake wajen iyayenta, ta je wankan jego. Shi kuwa yana rumfarsa ta gyaran waya a kasuwar Daura, bai ga ɗansa ba sai a hoto.

Wata rana na kai masa wayata da ta daina caji, ya ce in dawo gobe, yau yana bakin daga. Na duba rumfar. Daga shi sai fanka da kwanon fura.

Ashe wata ƙungiya ya shiga a intanet, ta mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Sukan sa lokaci su taru a kan shafin wata gwamnati da ke goyon bayan yaƙin, su yi ta danna shi har ya daina buɗewa. Na ce su waye, me kuma ya yi musu zafi? Ya ce wani don addini yake yi, wani ƙasarsa aka taɓa, wani so yake kawai a ce shi ne. Akwai wanda suke zargin ma'aikacin wata gwamnatin ne, amma ya fi kowa iya aikin, sai aka ƙyale shi.

"Kai fa?"

"Yaya, ni ba wanda ya tambaye ni kafin a rufe hanyar nan. Bindiga ba ni da ita. Wannan na iya."

Inna da ta ji, ta aika a tambayi limamin unguwa ko akwai zunubi. Liman ya ce shi shafin yana da rai ne? Aka ce a'a. Ya ce to bari ya yi bincike.

Ranar Laraba shafin ya faɗi. Na wani ofishin kula da kamun kifi ne, a ƙasar da ƙanena bai iya nuna ta a taswira ba. Kafin la'asar an gyara shi.

Sai Inna ta miƙe. Ta ɗauki mayafi ta hau mota zuwa Mai'adua, ta sami ɗan acaɓa ya bi da ita ta cikin gonakin gero suka tsallake iyaka. Washegari ta dawo da surukarta da jaririn.

Ƙanena ya yi ta kuka riƙe da yaron, har Inna ta karɓe shi. Ƙungiyar dai bai fita ba. Ya ce an riga an ba shi muƙami.