Lallen da Nana ba ta sha ba

Muna shirin tafiya suna Jiratawa, surukata ta kwaɓa lalle, ta kama ƙafar ɗiyata Nana mai shekara biyu. Sai ta tsaya cak.

Kwana biyu yarinyar na zazzaɓi, miyau na zuba, ko kunu ta ƙi.

Na ce, "Inna, haƙori ne take fiddawa."

Ta ce, "Uwar Nana, haƙori a tafin ƙafa?"

Jajayen ƙuraje ne ƙanana, har tafin hannu da cikin baki. Da muka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon hannu, ƙafa da baki ne, yara na ɗauka wurin juna, a yawaita ba ta ruwa. Muka fasa zuwa sunan.

Yau Nana ta shanye furarta tas, alhamdulillahi. Da lallen ya rufe ƙurajen fa? Iyaye mata, yaushe rabonku da duba tafin ƙafar yaranku?