Sanyin da Muka Jira Tsohon Mai Jifa

Ya san jikinsa ya ƙare ne, ranar da ya rataya komawarmu gida a wuyan wani ɗan wasa da bai taɓa gani ido da ido ba? Shekara biyu ke nan ina tambayar kaina, ban samu amsa ba. Ni ban yi karatu ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, kuma na ce mata idan kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni, kada ta gyara mini magana.

Mun daɗe a Guangzhou. Mijina, Alhaji, shi ke raka 'yan kasuwar Kano manyan shagunan tufafi na titin Guangyuan, ya yi musu ciniki, ya haɗa kayan a kwantena. Ni kuwa tuwo nake tuƙa musu a gidanmu, hawa na tara, da kuka da daddawar da su ɗin suke kawo mini tsaraba. Da azahar falon cika yake.

Wani mai masana'antar takalma ɗan Taiwan ne ya koya wa Alhaji kallon besbol, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya doke ta da gora. A Amurka ake yi, amma da safe yake zuwa mana, daidai lokacin shan shayi. Tun yana kallo don kunyar mai masana'anta, har ya zaɓi ƙungiya ya ce tasa ce. Ya kuma ja amininsa, wani mutumin Maraɗi mai sayen atamfa, suka zama su biyu. Ni dai abin da na sani, idan sanyi ya shigo wasa yana tsayawa, sai musu ya tashi. Lokacin ne ƙungiyoyi ke sayen 'yan wasan da yarjejeniyarsu ta ƙare, su saki waɗanda ba sa so.

A waccan shekarar, bayan an tashi daga baje kolin Pazhou, na ce wa Alhaji na gaji. Takardar zamanmu za ta ƙare kafin bazara, jikokinmu suna girma a waya, mu tafi gida. Ya yi ta juya cokali. Sai ya ce akwai wani mai jifa a ƙungiyarsu, ya kusa arba'in, yarjejeniyarsa ta ƙare. Idan suka sake shi, mu ma mu naɗe kayanmu. Idan suka riƙe shi, mu ƙara shekara ɗaya. Na ɗauka wasa yake. Da na ga ya maimaita a gaban mutumin Maraɗi, na san ya zama magana.

Daga nan zama ya gagare ni. Sai in share ɗaki in sake sharewa. In leƙa taga, in dawo, in buɗe tukunyar da na san ba ta nuna ba. Kunnena kuwa yana falo.

Mutumin Maraɗi yana cewa albashin ƙungiyar ya yi nauyi. Sun riga sun zuba dukiya a kan samari biyu da suka ɗauko, idan albashin ya wuce iyakar da aka ƙayyade za a ci su tara, ga shi an taɓa yi wa tsohon aiki a kafaɗa. Alhaji yana cewa tun tsohon yana saurayi yake yi musu bauta, shi ya tara musu 'yan kallo, kuma samarin nan masu tsada a wurin wa za su koyi natsuwa?

"Alhaji, ƙungiya ce fa, ba gidan marayu ba," in ji mutumin Maraɗi. "Patron, mai ƙungiya, ba ya biyan kuɗin tarihi."

"Kai da ka yi awa guda kana ciniki a kan maɓalli, ina za ka san darajar mutum?"

"To, ka aika masa kuɗin kwantenarka mana, tunda ƙaninka ne."

Sauran baƙi su yi ta dariya, ba su ma san wasan ba, amma kowa sai ya sa baki. Wani ya ce shi ma bara ya sallami tsohon direbansa. Alhaji bai sake kallonsa ba har ya gama cin abinci.

Ni na zaɓi ɓangare. Tsokar da ta fi girma a kwanon mutumin Maraɗi take sauka. Na haddace hujjojinsa kaf. Wata rana ina ajiye miya na ji bakina yana cewa ai tarar nan ba ƙarama ba ce, kuma kafaɗar da aka yanka ba ta komawa daidai. Alhaji ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, ke ma sun saye ki?"

Na ce kyauta na koma wajensu.

Ba na karanta rubutu, amma na gane abu ɗaya: duk wanda aka ɗauka, sai an nuna hotonsa da sabuwar riga da hula. Na san fuskar tsohon, yana da furfura a gemu da wani tabo a gira. Da Alhaji ya shiga wanka sai in ɗauki wayarsa in yi ta turawa da yatsa, ina neman gemun nan a cikin riga mai wani launi. Kullum babu. Har a sallah na sa shi. Ban roƙa masa sharri ba, na dai ce Allah Ya ba shi wani ubangidan mai albarka, a wani gari mai nisa.

Wannan ne wurin da ke ci mini rai. Duk tsawon sanyin nan ina gani ƙafafun Alhaji suna kumbura, har ya daina ɗaure igiyar takalmi. Ina gani idan mun hau gadar tsallaka titi sai ya tsaya a tsakiya, ya yi kamar motoci yake kallo. Sau ɗaya na yi magana, ya ce sanyi ne, na bar shi. Na koyi zancen albashin mutanen da ban sani ba, na iya shi har ina kayar da maza, amma ban iya cewa tashi mu je asibiti ba. A raina cewa nake, mu dai isa Kano, can zan sa 'ya'yansa su tasa shi gaba.

Labarin ya zo wata safiya, ana yayyafi. Ni na fara gani. Ga gemun, ga tabon, ga rigar nan dai da na sani, yana murmushi. Sun riƙe shi shekara ɗaya, a kan albashin da bai kai na da ba. Kafin Alhaji ya gama sa kaya mutumin Maraɗi ya kira, ina jin muryarsa yana cewa to an ba marayu haƙƙinsu. Na zaci Alhaji zai yi ta tsokanarsa. Dariya kaɗan ya yi, ya ce sai sun haɗu.

Na shige kicin na juya baya. Shayin ma a kan tebur na dangwarar masa, ban zuba ba. Haushi nake ji, na shekara guda cur da aka ƙara mini saboda kafaɗar wani.

Yana da baƙi da zai tarba a bakin tashar jirgin ƙasa. Bai kai ba. A kan matakalar gadar nan ya zauna, masu shago suka kira motar asibiti, kafin in isa Allah Ya karɓi abinSa. A maƙabartar Musulmin garin aka sa shi, mutumin Maraɗi ne ya shiga ramin. Ni kaɗai na hau jirgi.

Amma ranar nan, kafin Alhaji ya fita, ya zo ya tsaya a ƙofar kicin, lema a hannu. Na ji tsayuwarsa, ban waiwaya ba. Ya daɗe, yana numfashi. Da na san ita ce ta ƙarshe, da na juyo. Ban juyo ba, ban kuma amsa ba. Ya ce:

"Hajiya, idan ruwa ya ɗauke ki sauka ki sayo akwatin tafiya, babba. Kada ki biya kuɗin da ya fara faɗa."