Shekarar da Baban Abokina Ya Shiga Kwamitin Banki

Shekarun baya kaɗan, ina aji ɗaya a sakandare, aka sa baban abokina cikin kwamitin ba da shawara na wani bankin gwamnati mai ba manoma rance. Tsohon malamin gona ne. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a nan Daura, don haka duk alherin da zai shiga gidansu sai ya taka ƙirjina tukuna.

Ranar taro mota ake turo masa daga Katsina. Abokina sai ya fito ya jingina da ita kamar shi ya ƙera ta. Da yamma baban ya dawo da ledar kaza, ƙamshi ya tsallako katanga ya same ni gaban tuwon dawa. Wallahi a watan nan na rame har wandona ya fara neman wani ubangidan.

Na ce da mahaifiyata, "Umma, shi Baba me ya sa ba a sa shi a komai?"

Ta ce, "An sa shi ciyar da kai. Aikin mutum uku ne."

Bayan kamar shekara mota ta daina zuwa, sai takarda ta zo. Rancen da aka ba wasu masu kiwon bijimai a wajen Mai'adua ya bi iska, kuma kowane ɗan kwamiti zai amsa da kansa da dukiyarsa. Unguwa ta ɗauka cewa gidan su abokina za a sa a kasuwa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, wani sanyi na ji. A hanyar makaranta na ce wa abokina, "Ranka ya daɗe ɗan banki, in za a sayar, a bar mana katangar."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Innarmu ta fara ɗaure kwanuka a buhu."

Ban san wanda ya kai wa mahaifina maganar ba. Ya kama kunnena har na ga Nijar daga tsakar gida. Ya ce, "Kai kaza ka gani, shi baban abokinka wuyansa ya ba su. Wanda ya zauna kujerar nan ya sa hannu a kan ƙarya, ba banki ake kamawa ba, shi ake kamawa."

A wajen bincike gaskiya ta fito. Ashe shugaban kwamitin, dattijo ne sa'an iyayensu, shi ya miƙo sunayen masu neman rancen. Sauran suka sa hannu ba su karanta ba, don karanta takardar babba a gabansa kamar ka ce masa maƙaryaci ne. Baban abokina kuwa ya hau babur ya bi ƙauyukan, ya tarar da turaku babu ko kashin saniya. A taro na gaba ya ce, "Alhaji, a yi mini aikin gafara, ban ga shanu ba. A rubuta cewa ban yarda ba." Wata biyu ba sa amsa gaisuwarsa.

Layin nan guda da aka rubuta shi ya hana a taɓa gidan. Mutum biyu cikin masu kunyar sai da suka sayar da gonakinsu. Ni na taya innar abokina kwance buhun kwanuka, ban ɗaga ido ba har muka gama.

Kuna zaton hassadar ta sake ni? Gida kawai ta sauya. Yanzu abin da nake ƙyashi shi ne abokina yana da uban da ya iya kallon dattijo ya ce a'a, kuma na ga alamar ya gado shi. Ni kuwa jiya mai aski ya mayar mini da kai kamar kabewa, ya ce, "Ya yi?" Na ce, "Ya yi kyau sosai, Allah ya ƙara basira."