Kunamar Hanyar Babura

Ana sallame asuba muka bar Roni, ni da Kawu, a bayan wata a-kori-kura mai tari kamar tsohon mashayin taba. Babura muka nufa. Kawu zai je ya faɗa wa ƙaninsa, a gabana, cewa ko ya mutu kada ya zo kan gawarsa. Rigimar gonar gado ce ta raba su, ni kuwa shaida aka ɗauko ni, zuciyata duk babu daɗi.

A Kazaure muka karya da koko da ƙosai. Mai ƙosan ta ƙi karɓar sabon kobo, wai ita sule ta sani. Nan wani siririn baƙo ya shigo motar, mutumin wata ƙasa mai nisa da ake kira Silon, cikin masu haƙa rijiyoyin gwamnati. Da na tambaye shi ko Musulmi ne, ya ce shi mabiyin koyarwar Buda ne.

Gab da Kanya Babba taya ta fashe, muka fake a gindin kuka. Baƙon ya dafa ƙasa zai zauna, sai kunama ta ɗana masa harbi a yatsa. Kawu ya zaro takalmi, amma mutumin ya tare shi. Ya sa kara ya ɗauke ta, ya kai ta bayan dutse, ya dawo ya tanƙwashe ƙafa yana jan numfashi a hankali. Gumi na zuba, amma ko tsaki bai yi ba. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ni da ƙaya ke sa ni kiran Inna!

"Bawan Allah, ba ka jin zafi ne?" in ji Kawu.

"Ina ji sosai, Baba," ya amsa da Hausarsa ta 'yan koyo. "An koya mana harbi biyu ne. Na farko nata, ya wuce. Na biyu ni zan yi wa kaina, da fushi. Ita sau ɗaya take harbi, zuciya kullum."

Ya ce cututtukan zuciya uku ne: kwaɗayi, ƙiyayya da ruɗu, wanda ya sake su ya huta da wahala. Kawu ya ce, "Ikon Allah! Ai haƙurin da malamai ke ta faɗa mana ke nan." Aka gyara taya, muka ƙarasa Babura.

Ƙanin Kawu ya fito zaure yana dogara sanda, idonsa ɗaya ya yi yana. Kawu ya daɗe yana dubansa. Na sunkuyar da kai ina jiran mugun furucin.

"Dama zuwa na yi in gaya maka," in ji Kawu, "in na riga ka mutuwa, kai za ka yi mini wanka."

Washegari muka dawo Roni lafiya. Abin da na koyo shi ne, yawancin zafin da muke kwana da shi mu ke ɗana wa kanmu. Shaidar da aka kai ni kuwa na yi ta: na ga tsofaffi biyu suna kuka a kan tabarma ɗaya.