Ni Inna ta ce in wanke ta

Kusan shekara ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu turo min "Hajara, lafiya kuwa?", ku yafe min. Ba lafiya ba.

Ciwon bayana ya fara ne ina ɗaga kwali a siton da nake aiki a unguwar Cheetham Hill, nan Manchester. Na ji ƙas a ƙuguna, na shafa man zafi, na ci gaba. Shekara huɗu ina fama, har salla ta koma kan kujera.

Ga inda na cuci kaina. Duk sanda GP, wato likitan unguwarmu, ya tambaye ni jiki, sai in ce da sauƙi, alhamdulillah. Haka aka rene mu, majinyaci ba ya cewa babu sauƙi. Shi kuwa bawan Allah ya rubuta yadda na faɗa. Sau biyu ana cire ni daga layin masu jiran physio, wato gashin ƙashi, wai na warke.

Innata tana Birmingham wajen Yaya Sani. Ta sha ce min, "Hajara, ke za ki wanke ni, kada ki bar ni a hannun baƙi." Na ce to.

Ranar da ta rasu, na shiga ɗakin wankan gawa na masallaci, na sunkuya zan juya ta, bayana ya riƙe. Ko motsi na kasa. Aka zaunar da ni, wasu mata biyu da ban san sunansu ba suka wanke ta, ni ina miƙa buta.

Abin nan har yau yana ci min rai.

Bayan addu'ar bakwai Yaya ya kai ni wajen wata mai physio a can, shi ya biya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Ta tambaye ni yaya ciwon. Na buɗe baki, Yaya ya ce, "Don Allah yau dai ki faɗi gaskiya." Na fashe da kuka.

Ta duba hoton bayana, ta sa na kwanta ruf da ciki. Ta soka wasu siraran allurai a ƙuguna, ta haɗa su da na'ura, ta saki wuta kaɗan-kaɗan. Naman wajen ya riƙa tsalle shi kaɗai. Na tsorata, na yi ta salati. Ta ce, "Zai yi tsami kwana biyu, kada ki gudu."

Duk mako ina hawa jirgin ƙasa daga Manchester zuwa wajenta, a gida kuma ina motsa jikin da ta koya min. A wata na uku goshina ya taɓa ƙasa.

Na gode wa Allah, na gode wa Yaya da matan nan biyu. Ku kuma in likita ya tambaye ku, ku gode wa Allah, sannan ku faɗi inda ke ciwo.

Yanzu ina cikin masu wankan gawa a masallacinmu. Makon jiya na wanke uwar wata, a sunkuye har aka gama. Da na fito sai na zauna a bakin ƙofa ina kiran Inna.