Sunan Inna a Kan Kwalbar Yaji

Inna ta yi shekara da shekaru tana sayar da yaji a kasuwar Petit Marché, ƙulli-ƙulli a leda. Da gwiwoyinta suka fara ƙin zaman kasuwa, sai na ɗauki yajin na kai wata babbar butik, wato kanti, a unguwar Koira Kano, ko za su riƙa karɓa, ita kuma ta riƙa daka abinta a gida. Matar da ke da wurin ta ɗanɗana, ta lumshe ido, sannan ta ture ledar da ɗan yatsa.

"Yaji kam ya yi. Amma leda ba ta hawa kantata. Ki zuba a kwalba, ki manna masa etiket, takardar suna mai kyau."

Raina ya ɓaci, na dai haɗiye. Na zarce wurin wani mai buga katin aure, na ce ya nuna mini rubutun da ya fi kowanne ƙawa. Ya buɗo wani a na'urarsa. Haruffan a kishingiɗe suke, kowanne riƙe da na gabansa, nan siriri can kauri, sai ka rantse da alƙalami aka ja su. Nan take na ce a rubuta komai da shi, har barkono da citta da kanumfarin da ke ciki.

Na dawo gida a Gamkalley da takardar, ina ji da kaina. Inna ba ta yi boko ba, amma amaren unguwarmu da ta yi wa lalle ba su ƙirguwa. Ta riƙe takardar nesa da ido, ta yi dariya.

"Ke ƴar nan, kin cika wa amarya ƙunshi har ba a ganin hannu. To wanne ne sunana a ciki?"

Ni kaina sai da na laluba kafin na samo shi. Washegari na koma wurin mai bugawa. Muka bar sunanta kaɗai da rubutun ƙawa, babba a tsakiya, harafin ƙarshe ya ja jela ya zagayo ta ƙasa. Sauran bayanin muka sa shi da ƙananan haruffa miƙaƙƙu. Da na kai wa matar butik, ta juya kwalbar a hannunta, ta ce, "Kawo min ranar Juma'a." Wallahi a hanya har ƴar rawa na taka.

Bayan an jera kwalaben na ɗauko Inna a taksi. Da muka shiga zan nuna mata wurin, ta riƙe min hannu ta ce, "Bari." Ta bi kantocin a hankali tana dafa gwiwa, ta wuce gwangwanayen sardin da madara, can ta tsaya. Ta ɗora yatsa a kan jelar nan, ta bi ta har ƙarshe.

Wani ma'aikacin wurin ya matso. "Hajiya, me ake nema?"

"Ba na neman komai, ɗana," in ji Inna. "Ni ce wannan."

Daɗi ya kama ni har na yi hawaye a gaban mutane, ban kuwa goge ba.